Mutum Biyu, Take Ɗaya

Duk wanda ya yi wayo a Balan a shekarun farko na mulkin kai ya san Kabo na Gaji. In bai san shi da ido ba ya san shi da tabo, don a ƙasar Gaya gidaje da dama akwai mai ɗauke da shaidar hannunsa a goshi ko a kafaɗa. Sunansa na yanka Usmanu. Manomi ne ɗan manomi, gero da dawa da gyaɗa, gajere mai kauri, ba ya son yawan magana. In ka same shi a gona da damina sai ka rantse ba a taɓa yin mai sanyin hali kamarsa ba. Abin da ya ɓata shi tauri ne. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar wani kawunsa ya fara ɗura masa tsimi, aka dafa shi, kamar yadda su 'yan tauri ke faɗa, har ya zama yana ɗora kaifin wuƙa a cikinsa ya ja, sai dai ta bar farin layi. Ni ban ce ƙarfe ba ya kama shi ba, ban kuma ce yana kama shi ba. Shi dai ya yarda, mutane ma sun yarda, wannan kuwa ya isa ya sa a fasa kawuna.

Kowane ɗan tauri da ya isa yana da takensa, wato kiɗan da aka yanka masa shi kaɗai. Ganga ce ke faɗa ba baki ba, amma duk ɗan ƙasar yana jin abin da take cewa. Na Kabo wani makaɗi ne ya yanka masa, Maiwada, dogon mutum daga wajen Ajingi. Gangar takan ce, "Gatari ba ka jin magiya, sari ka wuce," sanƙira kuma, mai ɗaga murya a gefen makaɗi, ya ɗora da "Na Gaji! Na Gaji!" Ƙa'idar abin tsohuwa ce kuma ba ta da wuyar fahimta. Take ɗaya, mutum ɗaya. Ba a ba wani taken mai rai, sai in mai shi ya tako da ƙafarsa ya dafa fatar ganga a gaban jama'a ya ce ya bari. In kuwa mutum biyu suka miƙe wa take ɗaya, to ɗayansu ɗaukar sa za a yi.

Da zarar Kabo ya ji wannan kiɗa ba shi ne a jikinsa ba. Tsuma takan fara masa daga gwiwa, ido ya juye, bakinsa ya yi kumfa, daga nan duk abin da ke gabansa itace ne. A farauta ya karya wa wani mutumin Kademi muƙamuƙi a kan zomo ɗaya. A taron siyasa, da aka ɗauke su haya da goro da tuwon rana, ya shiga tsakiyar mutum bakwai da gora, aka kwashe uku a kan jakuna. Shi kansa bai san jam'iyyar da ya yi wa faɗan ba. Maroƙa kuwa, Allah ya shirye su, su ne masu zuga, su tura ɗan mutane cikin wuta su koma gefe suna karɓar kari.

Yana da ƙane guda, Inuwa, wanda suka sha bamban kamar ba ciki ɗaya ba. Inuwa mai fara'a ne, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar kukuma. Da kansa ya haɗa tasa da ƙoƙo da fatar guza da izgar doki, yana gogawa a bayan gida har maƙwabta suka daina dariya suka fara kasa kunne.

A kalankuwar Kademi ta shekarar 1963, bayan an gama shigar da amfanin gona, Maiwada ya saki taken Kabo a tsakiyar dandali. Dama akwai jiƙaƙƙiya tsakanin Kabo da samarin garin tun zancen muƙamuƙin nan. Kafin a ankara ya tsage kunnen ɗaya, ya doke wani ya faɗi a ƙasa, ya ɗaga wuƙarsa mai kama da adda zai sauke masa a wuya. Inuwa ya kutsa da gudu yana cewa, "Yaya! Yaya!" ya tare da hannun hagu. Wuƙa ta sauka. Yatsu uku suka faɗi cikin ƙura. Kabo bai ma sani ba, sai da gangar ta yi shiru hankalinsa ya dawo, ya ga ƙanensa durƙushe ya matse hannu a hammata, jini yana bin gefen rigarsa.

Uwarsu Gaji mace ce mai alkunya irin ta da. Kabo ɗan fari ne, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Washegari ta sa aka kira shi ɗakinta. Wani ya tsinto yatsun ya kawo mata a ƙulle cikin tsumma. Ta kwance tsumman ta ajiye a gabansa.

"Usmanu," in ji ta.

Jin sunansa a bakinta ya fi masa sara ciwo. Ya sunkuyar da kai.

"Ka ga waɗannan? Ni na haife su. Wanda ka so yankawa jiya ma wata ce ta haife shi. To ka ji da kyau. In hannunka ya ƙara fitar da jinin ɗan wani, ko ƙwarzane ne, ban yafe maka nonon da ka sha ba, duniya da lahira."

"Inna, ki yi mini rai," ya ce.

"Na gama. Tashi ka ba ni wuri."

Ya yi ta fatan wata rana za ta huce ta sassauta maganar. Ya tura mata dattawa, ya tura Malam Musbahu limamin unguwarsu, ta ce ita ba ta tsine masa ba, sharaɗi ta gindaya, ya kiyaye su rabu lafiya. Bayan shekara biyu zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana huɗu. Maganar ta zauna yadda ta bar ta, ba kuma mai iya janye ta.

Kabo ya kai wuƙarsa maƙera aka mayar da ita lauje. Ya ƙone layu da guraye. Ya sha rubutun Malam Musbahu kwana arba'in don a karya tsimin da ke jikinsa, ya ce gara ƙarfe ya kama shi kamar kowa. Ko kaza ya daina yankawa, sai matarsa Hure ta aika da ita maƙwabta. In ana biki a gari yakan toshe kunnuwansa da auduga ya tafi gona, ko da rani ne ba abin da zai yi a can. Yara suka sa masa Kabo Mai Auduga.

Waɗanda ya taɓa yi wa rauni kuwa ba su manta ba, kuma da labari ya bazu cewa gatari ya dakushe sai kowa ya zo karɓar nasa. Ran nan a kasuwar Gaya mutumin nan mai karyayyen muƙamuƙi ya tare shi a layin 'yan hatsi, ya kwaɗa masa mari, ya ƙara, ya tofa masa yawu a gemu. Kabo ya mayar da hannayensa baya ya harɗe su gam, har farcensa ya nutse a fatarsa. Mutumin ya dake shi da takalmi har ya gaji. Da ya dawo gida fuska a kumbure, Hure ta fashe da kuka don takaici, shi kuwa ya ce ta ba shi ruwan zafi kawai. Daga ranar wannan ta zama ɗabi'arsa, da ya ji ransa ya fara ɓaci sai hannaye su koma baya.

Abu ɗaya ne bai yi ba, shi ne kuma ya kamata ya fara yi. Bai je ya dafa gangar Maiwada ya ce ya bar takensa ba. Tsoron kusantar ganga yake yi, don ya san kansa. Ya ɗauka in ya yi nisa da kiɗa shekaru za su binne zancen.

Inuwa bai taɓa yi masa gori ba, ko sau ɗaya. Ya rataye kukumarsa a ɗaki har gara ta cinye ta, ya koyi riƙe fartanya da babban yatsa da manuni, ya yi aure, ya ci gaba da raha kamar ba abin da ya faru. Wannan ne ya fi damun Kabo. Da zagin sa ya yi da ya fi masa sauƙi. Shi ya sa duk abin da Inuwa ya roƙa, ko mene ne, ba ya iya ce masa a'a.

Shekara goma sha ɗaya aka yi haka. Aka yi yaƙi aka gama, aka yi shekarar amai da gudawa, aka yi ta fari. A kakar 1974 Allah ya ba da damina mai kyau, mutane suka ɗan wartsake, 'yan'uwan biyu suka kai gyaɗarsu kasuwar Ajingi. Sun sayar da wuri, suna zaune suna shan fura bayan la'asar sai ga wani yana zagaya kasuwa a kan keke yana shela. Wai yau akwai wasa a gidan Maikuɗi, an kawo mai goge daga gabas, shiga sule ɗaya.

Maikuɗi tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi da 'yan kuɗin sallama da ɗingishi. Ya sami wani fili bayan tasha ya kewaye da zana, ya kafa rumfa, ya sayi fitilar gas biyu da lasifika mai aiki da batirin mota, duk daren kasuwa yana kawo makaɗa. Malamai sun yi ta wa'azi a kansa, samari kuma sun yi ta cika wurin.

"Yaya, mu kwana mana," in ji Inuwa. "Mu ga wasan nan, da asuba mu kama hanya."

"Ka san ni da kiɗa."

"Goge ne fa, da ƙwarya. Na tambaya, ba ganga. Rabon da in ji goge a kusa tun kafin..." Ya sa dariya, ya kurɓi furarsa.

Kabo ya dubi hannun da ke riƙe da ludayin. Ya ce to.

Bayan lisha suka shiga. Ƙofa ɗaya ce, ƙarama, Maikuɗi da kansa yake tsaye a bakinta da kulki. Ciki ya ɗauki mutum wajen ɗari biyu. Gaba benci huɗu na masu hali da direbobi, baya tabarmi, gefe mai tsire da mai shayi da masu rake. Hayaƙin taba da na tsire ya haɗu yana yawo ƙarƙashin fitilu. Suka sami wuri a tabarma ta uku, kusa da wasu mutanen Balan da Kademi da su ma kasuwa ta kawo su.

Mai gogen wani siririn mutum ne mai jar hula, da mata uku masu amshi da maza biyu a kan ƙwarya. Da ya ja izgar farko wurin ya yi tsit. Inuwa ya taɓa yayansa ya nuna masa kunne.

"Cire mana. Kana zaune kamar kurma a majalisa."

Kabo ya zare audugar ya ajiye a kan gwiwarsa. Wayyo, ashe haka duniya take da daɗi! Gogen yana kuka kamar mutum, matan suna karɓa, ƙwarya tana tafiya a hankali. Ya yi waƙar direbobi, ya yi ta wata bazawara da ta ƙi tsoho mai rowa, jama'a suka yi ta dariya, har Kabo ya ji kansa yana dariya da ƙarfi, abin da ya manta yadda ake yi. Wani direba ya tashi ya taka rawa ya manna wa mai gogen naira a goshi. Can Kabo ya waiwaya ya ga Inuwa ya rufe ido, dungulmin yatsun nan uku suna motsi a kan gwiwarsa, suna danna tsirkiyar da babu ita. Ya daina dariya. Ya kau da kai, ya ji tausayin ƙanensa da kunyar kansa sun cika masa ciki.

Wajen awa biyu ana haka. Mai goge ya sauka shan ruwa, sai Maikuɗi ya ja ƙofa ya ɗaure da igiya don masu son shigowa a ɓagas, ya ɗingiso ya karɓi lasifika. Ya ce akwai ƙari da ba a yi shela da shi ba, Tukur ne ya ɗauki nauyinsa don ya nishaɗantar da jama'a. Samarin Ajingi suka ɗauki ihu. Tukur ɗan kamasho ne a tasha, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, dogo, baƙi, damtsensa ɗaure da guraye. Shi ne ɗan taurin da ake ji da shi a lokacin, ai karen bana shi ke maganin zomon bana.

Daga bayan rumfa aka jawo wani tsoho da ganga a rataye. Ya rame, ya ranƙwafa, idanunsa sun yi fari fat da yana. Kabo ya gane shi tun kafin ya shigo cikin haske. Maiwada ne.

Kabo ya laluba gwiwarsa, babu auduga. Ta faɗi tun wajen dariya, ƙafafu sun tattake ta. Ya dubi ƙofa, a ɗaure, mutane kuma sun cushe tsakaninsa da ita.

"Yaya, wallahi ban sani ba," in ji Inuwa. "Tashi mu fita."

Ba su kai ga tashi ba gula ta sauka a kan fata. Gatari ba ka jin magiya, sari ka wuce. Kabo ya danne kunnuwansa da tafin hannu, amma ganga ba ta kunne kaɗai take shiga ba, ta ƙirji take bi. Tukur ya yi tsalle ya dira a tsakiyar fili ya zare wuƙa yana gurza ta a wuyansa. Sanƙira ya kama lasifika ya kware baki.

"Tukur magajin marigayi! Allah ya ji ƙan Kabo na Gaji! Gatari ya sami sabuwar ƙota!"

Ashe a shekarar amai da gudawa wani Kabo ya rasu a Kademi, labari ya iso wa Maiwada a karkace. Ya yi kuka, ya yi addu'a, ido bai bar shi ya je gaisuwa ba. Da Tukur ya taso yana neman take mai nauyi, ya ba shi na mamaci, bisa ƙa'ida. Shekara uku ana kaɗa wa Tukur shi a Ajingi, ba wanda ya kai labari Balan, don mai auduga a kunne wa zai yi wa zancen kiɗa?

Kabo bai san lokacin da ya miƙe ba. Gwiwoyinsa ne suka ɗaga shi. Sai ganin kansa ya yi a tsaye shi kaɗai cikin mutane zazzaune, jikinsa yana kaɗawa, Inuwa yana jan gefen rigarsa. Wani mutumin Kademi, mai baki kamar reza, ya ɗaga murya.

"Kai jama'a! Ga marigayin nan a tsaye!"

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu nan take. Dattawan da ke wurin sun gane abin da suke gani. Mutane suka fara ja da baya, fili ya buɗe tsakanin mutum biyun. Maiwada kuwa ba ya gani, ya ji hayaniya ta tashi ya ɗauka kiɗansa ne ya ratsa jama'a, ya ƙara wa gula nauyi. Sanƙira ya saki lasifika ya sulale bayan rumfa, irin halinsu.

Tukur ya juyo, ido jajur. "Baba, zauna," ya ce. "Matattu ba sa rawa."

Kabo ya buɗe baki ya ce ba faɗa ya zo ba, harshensa ya ƙi juyawa. Sai wani daga cikin taron, Allah ya isa tsakaninmu da shi ko wane ne, ya wurgo wuƙa ta faɗi a gaban ƙafarsa, wai don kada a ce an sari mai hannu wofi. Kaifinta ya ɗauki hasken fitila. Yatsunsa suka buɗe da kansu. Duk jikinsa yana ce masa sunkuya. Ya san inda zai sari yaron nan, ya ga wurin, ƙasan haƙarƙarin hagu inda ya bari a buɗe, sara ɗaya ya isa. Sai ya ji muryar da ta taɓa kiran sunansa sau ɗaya tak a duniya.

Ya mayar da hannayensa baya ya harɗe. Daga inda yake zuwa gangar bai fi taku goma sha biyu ba, Tukur kuma yana tsakani. Ya tsallake wuƙar ya fara tafiya.

Tukur ya ga mutum ya nufo shi ƙirji a buɗe, hannu a baya. A wajen 'yan tauri wannan ba sallamawa ba ce, cin fuska ne, ma'anarsa ƙarfenka ba ya kama ni, gwada ka gani. Kuma tun yana yaro yake jin labarin Kabo na Gaji wanda wuƙa ke lanƙwashewa a jikinsa. Bai san an karya tsimi ba. Don haka bai rage komai ba, ya ɗaga ya sauke da iyakar ƙarfinsa. Kafaɗar Kabo ta buɗe har ƙashi. Jini ya yi tsartuwa ya fantsama kan na bencin gaba.

Wurin ya kacame. Mutanen Balan da Kademi suka miƙe da gorori, har da waɗanda da can ba sa ga maciji da Kabo, don yanzu zance ya zama na gari da gari. Samarin tasha suka tare su da benci da itacen mai tsire. Aka rotsa wa wani direba kai, ya zube a kan teburin mai shayi, tafasasshen ruwa ya kwarara a ƙafafun mata masu amshi suka kwarma ihu. Gora ta sami fitila ɗaya, ta tarwatse, wuta ta kama zana ta gefen gabas. Masu neman fita suka danne Maikuɗi a bakin ƙofa, ana tattaka na ƙasa. A cikin wannan duka gangar ba ta tsaya ba.

Kabo bai tsaya ba shi ma. Taku biyar, taku shida. Tukur, da ganin jini da kiɗan da ke dukansa, ya riga ya fita hayyacinsa. Ya sake sara, wuƙar ta sami Kabo a gefen fuska, kunne ya rataya. Ya ja da baya ya juya wuƙar zai soka. Nan Inuwa ya faɗo tsakaninsu yana ihu, ya ɗaga hannun nan na hagu mai yatsa biyu, daidai yadda ya yi a Kademi.

Wannan ne kaɗai ya sa Kabo ya saki hannunsa. Ya fizgo na dama ya hankaɗe ƙanensa gefe da ƙarfin da ya wurga shi kan tabarmi. A cikin fizgar nan bayan hannunsa ya haɗu da bakin Tukur. Shi bai ji ba, don a daidai lokacin wuƙar ta shige shi a ciki har ƙota.

Ya yi taku uku na ƙarshe a durƙushe. Ya miƙa hannu ya kifa tafinsa a kan fatar ganga. Gula ta sauka a kan yatsunsa, ta sake sauka, kiɗan ya koma wani dusasshen sauti, sannan tsohon ya tsaya.

"Wane ne?" in ji Maiwada.

"Kabo ne. Na Gaji." Ya ja numfashi da ƙyar, ya ɗaga murya iyakar yadda zai iya. "Na bari. A shaida, na bar masa."

Maiwada ya laluba ya kamo hannun, ya shafa fuskar, ya ji danshi. Ya saki gula yana salati. Da gangar ta yi shiru sai faɗan ya fara mutuwa da kansa, kamar an zare wa wuta itace. Tukur ya tsaya yana kallon hannunsa, sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Daga baya an ɗaure shi shekaru. Maiwada kuwa a daren ya farke fatar gangarsa, bai ƙara kaɗa wa kowa take ba.

Wani direban lori da ya yi lodin gyaɗa ya yarda ya kai Kabo asibiti a Gaya. Aka kwantar da shi a kan buhuna, Inuwa ya ɗora kansa a cinya, ya danne cikin da rawanin wani. Mota tana tafe tana tsalle a ramuka. Sun yi nisa kaɗan Kabo ya buɗe ido.

"Inuwa."

"Na'am, Yaya. Yi shiru, mun kusa."

"Ban ɗauki wuƙar ba ko?"

"Ba ka ɗauka ba. Kowa ya gani."

Kabo ya shafa gaban rigarsa da ta jiƙe sharkaf, ya ɗaga hannun yana ƙoƙarin gani a hasken wata.

"Wannan jinin na wa ne?"

Inuwa ya gani da idonsa lokacin da leɓen Tukur ya fashe. Ya ga jinin ya zubo a hannun rigar yayansa na dama, ɗan kaɗan, bai fi cikin cokali ba. Har yanzu yana iya nuna wurin.

"Naka ne," ya ce.

"Duka?"

"Duka naka ne, Yaya."

Kabo ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo. Fuskarsa, duk da saran da ke jikinta, ta saki. "Alhamdu lillahi," ya ce. "To zan iya haɗa ido da ita." Ya yi kalmar shahada sau biyu, ta ukun bai ƙarasa ba. Ana hango fitilun Gaya lokacin da Inuwa ya ji kan ya yi nauyi a cinyarsa.

An binne shi a Balan da hantsi, ba nisa da kabarin Gaji. Da aka dawo daga maƙabarta mata suka nemi rigar za su wanke, Inuwa ya hana. Ya ɗauke ta ya tafi bayan gida da ƙwaryar ruwa da sabulu, ya zauna shi kaɗai, yana cuɗawa da hannu ɗaya da yatsa biyu. Hure ta ce ta leƙa ta gan shi, ya bar duk gaban rigar da jininta, hannun dama kawai yake ta wankewa.